Injunan da Yaya Umaru Ya Ƙi Sa wa Hannu

Bana shekara talatin da bakwai ke nan da muka kai Yaya Umaru makwancinsa a Birnin Kebbi, kuma har yau in na tuna abin da aka yi masa, raina ɓaci yake yi.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Jami'in sayayya ne a wani ofishin gwamnati, zamanin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato. Wata shekara aka ce za a sayo wa manoman Argungu da Augie injunan ban ruwa. Tun ba a kira 'yan kwangila sun fafata ba, sai ga injuna jibge a harabar ofis. Ashe surukin shugabansu ne ya kawo, sa hannun Yaya kawai ake jira.

Ya ce sai an gwada, kuma a gaban masu amfani da su. Ya sa aka kwashe su zuwa bakin gulbi a Argungu, ya kira manoma. Ina wurin. Aka yi ta jan igiya har aka jiƙe da zufa, yawancin injunan ko tari ba su yi ba. Wani dattijo ya kankare fenti da farce, sai ga tsatsa.

Shugaban ya kira Yaya, wai ya tona asirin ofis. Yaya ya ce, "Ranka shi daɗe, kayan mutane na. Mi za a ɓoye musu?"

Ba a kore shi ba. Wani ƙauye mai nisa da babu asibiti aka tura shi, alhali an san yana fama da ciwon suga. Wanda ya gaje shi ya sa hannu. Ranin nan albasa ta bushe a fadama. Yaya bai daɗe a ƙauyen ba aka dawo mana da shi ranga-ranga.

Da zai leƙo yau, me zai gani? Ana ƙaddamar da kaya da kiɗa da ɗaukar hoto, amma ka tambayi wa ya sayo, wa ya gwada, sai a ce kai ɗan adawa ne.

Bai bar gida a unguwar Badariya ba kamar abokan aikinsa. 'Ya'yansa dai suna shiga ko'ina, ba mai nuna su da baki. Shi kuwa surukin yana raye, sahun gaba yake salla, ana ce masa dattijon gari.

Yaya ya yafe musu kafin ya cika, ya ce ni ma in yafe. Wannan ce kaɗai maganarsa da na kasa bi.