Mun Taka Duwatsun Dokta Khalid

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha uku ga watan Agusta na 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokina Dokta Khalid Ramadan a gidansa da ke Ƙofar Mazugal. Bai kwanta ciwo ba. Ya karya kumallo, ya ce wa 'yarsa Safiya ta miƙo masa tabarau, kafin ta juyo ya jingina da bango, shi ke nan. Bayan La'asar muka kai shi makwancinsa. Na tsaya a sahu, na zuba ƙasa da hannuna, amma har yau in na shiga lungun nan sai in ji bakina yana haramar yi masa sallama.

Khalid, ranar Litinin fa muna tare. Ka ce in dawo Laraba da wuri, akwai wani haƙori da ya ƙi zama. Na dawo Larabar. Abin da na tarar shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da na daɗe da yanke cewa rubutu a ƙasar nan zuba ruwa ne a rariya.

Ga wanda bai san shi ba, Khalid jikan fataken Gadamas ne, waɗanda suka zo Kano da raƙuma suna sayen fata da ƙaro, suka zauna. 'Yan uwansa duk kasuwa suka bi. Shi ya tafi jami'a ya karanta ilimin duwatsu, a nan muka haɗu. Daga baya ya keɓe kansa ga ƙasusuwan dabbobin da suka rayu suka mace tun ba a san ɗan Adam a bayan ƙasa ba, ƙasa ta binne su har suka rikiɗe suka zama dutse. Duk rani sai ya nufi ƙasar Sakkwato, wajajen Goronyo, ya yi ta rarrafe a cikin kwazazzabai da guduma da buroshi. Yakan ce wurin a dā can teku ne. Baffansa Alhaji Mustapha ya taɓa ce masa a gabana, "Teku a Sakkwato? Khalidu, ko dai ranar can ce ta taɓa maka kai?" Bai yi musu ba. Ya zaro haƙorin kifi daga aljihu ya ɗora masa a tafin hannu, ya ce, "Baffa, to wannan da ƙafa ya tako?"

Mu ne 'yan makarantar da aka ce ƙasa tana jiranmu. Ba ta jira kowa ba. Ni na gane da wuri, na koma koyarwa a sakandare, na yi ritaya ba wanda ya taɓa tambayata sunan tsakuwa. Shi ya ƙi ganewa. Ranar da aka ce ya kwashe tarkacensa daga ɗakin da yake ajiya a jami'a, za a zuba kujerun taro, bai ɗaga murya ba. Ya naɗe kowane ƙashi a tsumma, ya kai su soron gidansa. Na ce masa, "Ka ga sakayyarka." Ya ce, "Mikail, sun yi miliyoyin shekaru suna jira. Kai ne mai gaggawa."

Mutane kan kawo masa duwatsu masu ƙyalli a ƙulle a gefen riga, suna zaton zinariya suka tsinta. Ba ya gaya wa mutum gaskiya sai ya shayar da shi shayi. Yakan ce kada mutum ya fita soronsa ya rasa zinariya, ya kuma rasa shayi. Lokacin da matata ta rasu na kulle kaina a ɗaki, shi ya tako har Goron Dutse ya ce, "Tashi, hannu nake nema. Bakin ka bar shi a gida." Na san tausayi ne, shi ma ya san na sani. Ba mu taɓa ɗaga maganar ba.

Aikin da ya kira ni kuwa shi ne harhaɗa ƙoƙon kan kada. Wani kada ne na wancan tekun, tsawon kansa ya kai kamu biyu, ya fito daga ƙasa a farfashe, gutsure-gutsure. Manne na musamman da ake kawo masa daga waje ya daina zuwa, sai ya koma ga abin da kakanninsa suka sani. Ya sayo ƙaro a kasuwar Kurmi, ya jiƙa, ya tace. Shi ke nemo inda kowane gutsure ya dace, ni ke riƙewa har ƙaron ya kama. Shekaru muka yi a haka, ina zagin gwamnati yana cewa in daina motsi. Yakan ce, "Ƙaro amintacce ne, maƙiyinsa ɗaya: ruwa." Don haka duk damina sai ya hau rufin soron da kansa ya toshe kowace kafa.

Ranar da aka binne shi, daga maƙabarta gida na wuce, ƙafafuna sun ƙi kai ni lungun. A bayana sai maƙwabta suka yi abin da aka saba. Dole a share soro a shimfiɗa tabarmi don zaman makoki. Ga damina, lungu ya zama taɓo. Ga manyan mutane za su zo gaisuwa da fararen riguna. Ga kuma duwatsu jibge a soro sun tare wuri. Malam Ilu tela, maƙwabcinsa, wanda ya ɗauki makara tun daga ƙofar gida bai yarda an karɓe shi ba, shi ya ga dabarar. Suka kwashe duwatsun suka jera a taɓo, daga bakin lungu har ƙofar soro, don masu gaisuwa su sami wurin takawa. Mata suna cikin gida, ba wadda ta sani. Kafin gari ya waye aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Da safe na zo na ga matakai a jere. Wallahi sai da na ce Allah ya saka wa wanda ya yi wannan aikin. Na tattare rigata na fara takawa. A tsakiyar lungu wani dutse ya motsa a ƙarƙashin takalmina, na sunkuya in duba, sai na ga haƙora.

Ban san irin ƙarar da na yi ba. An ce mutanen soro sun zaci wani ne kuma ya faɗi. Kan kadan nan yana kwance a taɓo, ruwa ya narkar da ƙaron, ƙafafun masu gaisuwa sun ƙarasa sauran. Ya koma yadda ya fito daga ƙasa, har ya fi. Ilu ya fito da gudu yana cewa, "Malam Mikail, lafiya? Zamewa ka yi?" Na ce, "Ilu, ka san abin da ka shimfiɗa wa mutane?" Ya ce, "Duwatsun marigayi ne. Na ce ko ba komai ya sami ladan masu takawa." Na buɗe baki in faɗa masa duk abin da na tara wa mutanen ƙasar nan, sai na ga idanunsa sun kumbura don kukan da ya sha. A jami'a, waɗanda suka san ko mene ne suka watsar da shi. A lungu kuwa ƙauna ce ta tattake shi. Har yanzu ban san wanne ya fi yi mini ciwo ba.

Safiya ce ta fito. Ta dubi lungun, ba ta yi kuka ba. Ta cire takalmi ta shiga taɓon da mayafinta, ta ce, "Baba Mikail, ni ban san wanne ne wanne ba. Kai ka riƙe su. Nuna mini." Ilu ya jawo benci ya tare bakin lungu, ya tsaya yana ba Alhazai haƙuri su zagaya ta baya. Mata suka miƙo rariya da daro. Ranar farko ta zaman makokinka, Khalid, a durƙushe muka yi ta muna tace laka, har da liman ya naɗe hannun riga.

Tun daga nan ni da Safiya muke soron. Idona ya yi rauni, amma ashe yatsu ba sa mantuwa. In na shafa gutsure sai in tuna yadda ya zauna a hannuna. Yanzu ni ke nemowa, ita ke riƙewa. Wasu ƙasusuwan sun zama gari, sun tafi har abada. Kan kadan dai ya tashi, sai wuri ɗaya a saman hancinsa, faɗin tafin hannu, da muka rasa. Mun tone kwata har bakin titi. Na ce wa Safiya ta haƙura, a garin nan abin da ya ɓata ba ya dawowa.

Sai ga saƙo daga Inna 'Yardada, tsohuwar da ke ƙarshen lungu, wadda sanyin ƙashi ya hana ta taɓa ruwa da damina. Muka je muka same ta a kan buzu, dutsen da muke nema yana gefenta, ya yi sumul. Ta ce, "Mikailu, ranar da na je gaisuwa na tsince shi, na ga santsinsa, na ce ya yi taimama. Yanzu kuma an ce wai ƙashin kada ne. To ni sallolina fa? Da kada nake fuskantar Ubangiji?" Na ce, "Inna, liman ya ce abin da Allah ya mayar dutse, dutse ne." Ta ce, "To alhamdu lillahi. Ɗauki abinku. Dā ma duk sanda na ɗora hannu sai na sa Khalidu a addu'a, yaron da yake hau mini rufi in ya gama nasa."

Na miƙa hannu da sauri. Safiya ta riga ni, ta ɗauka, ta juya shi, ta mayar gefen buzun. Ta ce, "Inna, aro muka ba ki. Mun san inda yake, ya isa." A hanya na yi mata faɗa, na ce aikin ubanta ne za ta bari da ɓuli. Ta ce, "Baba, wa ya taɓa zuwa ya gan shi sa'ad da yake cikakke?" Inna 'Yardada kuwa ta tara jikokinta ta yi wasiyya: ranar da aka fita da ita, a mayar da dutsen soron Dokta kafin a shimfiɗa tabarma.

Khalid, kadanka yana nan a kan kantar soro, nesa da ruwa, da rami a hancinsa. Haƙorin da ya ƙi zama ya zauna. Abin da ya rage yana hannun wata tsohuwa, tana shafa shi kafin kowace salla tana kiran sunanka. Ka ce ni ne mai gaggawa. To, zan jira.

Ya Allah, Kai da Ka san adadin ƙasusuwan da ke cikin ƙasa, Ka kuma yi alkawarin tayar da su, Ka jiƙan bawanka Khalid, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Hajiya Rahma, da Safiya da 'yan uwanta, da dukan zuriyar Ramadan, da mutanen lungu, har da Malam Ilu, wanda har yanzu yake sunkuyar da kai in ya gan ni. Ɗaga kanka, Ilu. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Mikail Ɗantani
Goron Dutse, Kano