Ruwan Famfon da Ya Zama Bincike

Ni ban taɓa fasa shagon kowa ba. Ɗan shagon kwamfuta nake da shi a Kazaure, ina buga wa ɗalibai aikin kammala karatu, ina samun na cefane. Wata rana wani ya ce in gyara masa babi ɗaya, na gyara. Kafin shekara ta zagayo, ni ke rubuta aikin gaba ɗaya, su dai su kawo suna.

A haka wani malamin jami'a ya ji labarina. Dakta muke ce masa. Mutum ne da ba fannin da bai tsoma baki ba: yau noma, gobe lafiya, jibi tattalin arziki. Shi ya fahimtar da ni cewa a duniyarsu rubuta maƙala ba ya isa, sai wasu masana sun riƙa kafa hujja da ita. Yawan ambatonka, yawan girmanka. Sai na shiga ƙirƙiro masana na ƙarya, in rubuta maƙaloli da sunayensu, kowanne yana cewa "kamar yadda Dakta ya gano". Har daɗi nake ji, wai ni mai wayo.

Daga baya ya ba ni kwalabe in zaga ƙauyukan Gwiwa da Roni in ɗebo ruwan rijiyoyi a gwada. Na ce damina ce, hanya ta lalace. Ya ce, "Kai dai kawo kwalabe a cike, ban tambaye ka daga ina ba." Na cika su a famfon bayan shagona, na liƙa wa kowace sunan ƙauye. Da sunayen suka ƙare mini, na sa na ƙauyen da yayata Hadiza ke aure. Gwaji ya nuna ruwa tas. Maƙala ta fita, masanan ƙaryar da na ƙirƙiro suka ambace ta, na gaskiya suka biyo baya.

Can sai ga wata ƙungiya tana haƙa rijiyoyin burtsatse a yankin. Suka tsallake ƙauyen su Yaya, wai bincike ya nuna ruwansu lafiya lau yake. Daminar da ta biyo, amai da gudawa suka shiga ƙauyen, suka tafi da Ummi, autar Yaya. A wurin zaman makoki Yaya ta ce mini, "Kai da ka san 'yan boko, don Allah wane ne ya zo ya duba rijiyarmu? Mu dai ba mu ga kowa ba." Na sunkuyar da kai.

Na je wa Dakta na ce a janye maƙalar. Ya ce, "Ka san mutum nawa suka jingina da ita? Ina dab da zama farfesa, ka zo mini da wannan?" Na ce zan faɗa wa duniya. Ya riga ni. Ya kai ƙara cewa na karɓi aikinsa na yi masa algus, kuma komai na jabu a kwamfutata aka same shi. Aka ɗaure ni.

Ba ɗaurin ke ci mini rai ba, na cancanci fiye da haka. Abin da ke tafasa mini zuciya, na fito na tarar shi farfesa ne, ana miƙe masa a taro. Maƙalar nan tana nan a intanet, masu ilimi na ta ambatonta, ba wanda ya taɓa leƙa rijiyar ƙauyen su Yaya!

Na tuba ga Allah, na kuma je na faɗa wa Yaya da bakina. Ba ta zage ni ba. Gaisuwata ce ta daina amsawa har yau.

Ku samari masu saurin hannu a kwamfuta, ku ji da kyau. Duk wanda ya ce muku rubutu ne kawai, ba mai karantawa, ƙarya yake yi. Akwai mai karantawa, ya yarda, ya wuce da motar haƙa rijiya. Na koma ƙauyen ranar kasuwar da ta wuce, na tarar da Yaya a bakin rijiyar nan, tana jan guga.