Gilashin da Na Liƙa a Tsagar Zaure

Wataƙila wasu abubuwan sun cuɗe mini, don an ɗan jima, kuma ban rubuta komai a ranar ba. Abin da nake da tabbas a kai shi ne zauren, da tsagar da ke bangonsa na gabas.

Ban daɗe da gama karatun gine-gine ba aka haɗa ni da masu duba tsofaffin gidajen ƙasa a Ƙofar Taramniya. Aikina in gano ko tsagar tana ƙara buɗewa. In tana buɗewa, a tokare rufin kafin damina. In ta tsaya, yaɓe ya isa. A makaranta an koya mana liƙa siririn gilashi a kan tsaga: bango na motsawa, gilashin zai fashe. Na liƙa, na yi wa mai gidan sallama. Dattijo ne, kuma a zauren nan abokansa ke zama bayan la'asar.

Kowace Asabar sai in zo daga unguwar Gidan Dare, in tarar da gilashi lafiya lau. Wani tsohon magini da muke aiki tare ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa, ya kasa kunne, ya ce, "Injiniya, bangon ga tahiya shikai."

Na ce gilashi bai nuna haka ba.

"Gilashin naka ya taɓa kwaɓa ƙasa?"

Aka yi dariya, har da ni. Bayan kamar wata uku na rubuta cewa, bisa ga dukkan alamu, tsagar ta tsaya. Na sa hannu. Amma raina bai kwanta ba. Ko abinci nake ci sai maganar maginin ta faɗo mini.

Ranar da na koma cire gilashin na ga ya fi nawa kauri, gefensa da ɗan kore-kore, kuma da ƙaro aka liƙa shi. Na juya wurin mai gidan.

"Baba, ko wani ya taɓa gilashin nan?"

"Ai hwashewa yay yi, ɗana. Kayan hukuma na, kai kuma baƙonmu. In ka ishe shi hwashe, mi za ka ce da mu? Sai nac ciro na tagar ɗakina, anka yanko mini daidai."

"Sau nawa, Baba?"

"Biyu. Ko ukku."

Na ɗaga kai na dubi azarar rufin, na dubi tabarmar dattawan a ƙarƙashinta. Ban taɓa gaya masa amfanin gilashin ba. Ban ga dalili ba a lokacin.

A ranar na je ofis na janye rahoton. An tokare rufin, ina jin kafin ruwan farko, ko da yake wannan ma ba zan rantse ba. Maginin kuwa ya miƙo mini fartanya ya nuna mini ramin kwaɓi.

A sabon rahoton na rubuta "aƙalla sau biyu", kuma har yau kalmar tana damuna, don tsakanin biyu da uku akwai bambanci ga saurin motsin bango, zauren kuwa ana zama cikinsa. Dattawan da ke wurin, ko mai yankan gilashin, duk wanda ya riƙe adadin, ko ya ga na karkata wani abu a nan, don Allah ya aiko mini in gyara.