Abin da Tashar Nijar Ta Ce

Ranar muna mu uku a tsakar gidanmu na Tsafe: ni, ƙanwata Hajo, da Malam mijina kwance yana jinya, rediyo bisa ƙirjinsa. Ɗiyarmu na aure a Maraɗi, iyaka a rufe. Shi ba ya yarda da labari sai ya ji tashar nan da ta Nijar.

Jakadu sun gana kan buɗe iyakar. Tamu ta ce an kusa daidaitawa. Barci ya ɗauke shi, tasu ta ce an watse baram-baram.

Ya farka. "Mi waɗancan suka ce?"

Na ce, "Bakinsu ɗaya, Malam. Ɗiyarmu tana tafe."

Bai sake ganinta ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe mini. Washegarin wannan maganar na share ɗakin saukarta, yana kallona yana murmushi.