Jirgi Ɗaya, Mutum Biyu

Shekara ashirin da uku Orrin Pinkham yana shirya tafiyar watan Agusta, ko sau ɗaya ba a taɓa tashi a makare ba. Tsohon direban motar 'yan makaranta ne, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ƙirga kawuna kafin ya tayar da mota. Da ya ajiye aiki sai ya koma ƙirga jirage. Duk mai jirgin ruwa da iska ke turawa a wannan lungu na gaɓar Maine, a Amurka, ya san shuɗin fayil ɗinsa: kwana tara, masauki takwas, mil ɗari da goma sha biyu, zurfin ruwa a bakin kowane tsibiri idan teku ta janye, shagon da ake samun ƙanƙara, da wanda zai dafa miyar kifi a wace rana.

A shafin farko akwai dokoki bakwai. Ta ukun ce ya fi ji da ita: jirgi ɗaya, mutum biyu. Ba mai fita shi kaɗai. Ya rubuta ta ne shekarar da wani dattijo ya zame ya faɗa ruwa, jirginsa ya yi gaba ba kowa a ciki, aka yi minti arba'in ana nemansa cikin hazo. An tsamo shi da rai. Daga ranar zuwa yau, mutum biyar Orrin ya hana tafiya saboda dokar nan, ɗaya daga cikinsu har yanzu ba ya amsa gaisuwarsa.

Matarsa Lenore ta rasu ran sha ɗaya ga Fabrairu, bayan jinyar mako bakwai.

Kowa ya ɗauka bana ba tafiya. Ina! Afrilu na kamawa wasiƙu suka fita. Ya buga waya sau arba'in da shida, ya tuƙa mota zuwa mashigar jirage huɗu ya duba da idonsa, ya sake wa jirginsa, Tern, fenti shafi biyu. Ran taron masu jirage, cikin Yuni, ya raba wa kowa takarda: jirgi goma sha uku, mutum ashirin da bakwai.

Dottie Beal, wadda ke riƙe da makullin rumfar taron, ita ta fara lura. Ta matso kusa da shi ta ɗora yatsa a layin ƙarshe, ta yi ƙasa da murya.

"Orrin, mu ashirin da shida ne fa."

Ya duba. A gaban sunan Tern ya rubuta biyu, yadda hannunsa ya saba. Ya ciro fensir ya goge, ya rubuta ɗaya, sannan ya tsaya yana kallon abin da ya rubuta. A rumfar nan ba wanda bai haddace doka ta uku ba.

Gus Thibodeau, tsohon amininsa mai murya kamar ganga, shi ya fara magana. "Kai tsoho, dokar nan ba daga sama ta faɗo ba. Kai ka rubuta, kai za ka goge. Wa zai kai ƙararka, kifi?"

"Mutum biyar na hana, Gus."

"Biyu sun mutu, biyu sun sayar da jiragensu, na biyar ɗin kuwa ko uwarsa ba ya gaisarwa."

"Ban goge wa kowa ba. Ba zan fara da kaina ba."

"To ga Arlene, ƙanwata. Mu uku ne a jirgina, kuma munsharinta ya ishe ni. Na ba ka ita kyauta."

"Munsharin wa?" in ji Arlene daga bayan tukunyar kofi. "Kai da bara jirage biyu suka kauce hanya sun ɗauka ƙahon gargaɗin hazo ake busawa? Orrin, rabu da shi. Asabar mu fita mu gwada."

Arlene shekararta sittin da huɗu, tun tana 'yar takwas take hawa jirgi. Ran Asabar suka fita, iska mai daɗi daga kudu, suka yi mil shida ba wata tangarɗa. Orrin har ya fara tsara mata rabon aiki a zuci. Sai da suka dawo ɗaure jirgi abin ya zo.

Kowane jirgi a mashigar yana da farar ƙwallonsa da ke yawo a kan ruwa, ɗaure da dutse a ƙasa, a jikinta ake ɗaure jirgin. Mutum ɗaya ke tsayawa a goshin jirgi da sanda mai ƙugiya, ɗayan na riƙe da sitiyari a baya. A ƙafa ashirin na ƙarshe, na baya ba ya ganin ƙwallon, goshin jirgi ya tare masa, sai abin da na gaba ya nuna masa. Ba a ihu. Miji da matar da suka yi ihu a kan ƙwallo, sai an shekara ana kwaikwayonsu a wajen cin abinci.

Arlene ta nuna da hannu sarai, dama, dama, miƙe, ta dunƙule hannu alamar tsaya. Tern ya wuce ƙwallon kamar bai san ta ba. Suka kewayo. Ya sake wucewa. A karo na uku har ƙwallon ta bugi cikin jirgin, ƙwam.

"Orrin! Tun yaushe na dunƙule hannu? Makaho ma ya gani!"

"Ƙafarki nake kallo."

"Ƙafata? Me ƙafata ta yi maka?"

Sai ya faɗa mata. Lenore ba ta taɓa nuni da hannu ba, ta ce hannunta biyu na sanda ne. Kafaɗa take karkatarwa, dama ko hagu, in ta ɗaga dugadugin hagu ya tsaya. Shekara talatin da takwas ke nan. Bai ma san idonsa can yake zuwa ba sai yau.

"To ai da ka faɗa," in ji Arlene. "Kewayo mu gani."

Ya kewayo. Ta juya masa baya, ta riƙe sanda hannu biyu, ta karkata kafaɗar dama kaɗan, ta miƙe. Dugaduginta na hagu ya tashi daga katako. Hannun Orrin ya yi aikinsa tun kafin ya yi tunani, jirgin ya tsaya cak, ƙwallon na daidai ƙarƙashin ƙugiya.

"Ka gani!" Arlene ta juyo tana dariya, igiya a hannu. "Bugu ɗaya!"

Dariyar ta yanke. Yana zaune, ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa.

"Kada ki ƙara yi, Arlene. Don Allah."

"Ba zan ƙara ba. Mu koma hannu, za ka saba."

"Kwana tara, ɗauri goma sha takwas da kwancewa. In kin yi da hannu zan fasa wa wani jirgi. In kin yi da ƙafa..."

Ran Litinin ya kai wa Dottie fayil ɗin har gida, ya zauna awa biyu yana bi da ita shafi-shafi. Ta roƙe shi ya hau jirginsu ya zama na uku. Ya ce zai yi tunani, ita ma ta san ba zai yi ba.

Ranar tashi, ƙarfe bakwai saura kwata yana kan gadar katako da jirage ke tsayawa. Shi ya kwance igiyar jirgi goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, yana jefa wa masu su. Gus ne na ƙarshe. Ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya rasa ta, ya ɗaga hula kawai.

Da suka ɓace bayan tsibiri Orrin ya tuƙa ƙaramin kwalekwale zuwa Tern, ya sauke babban zanen da iska ke turawa, abin da ba a yi sai Oktoba, in an gama fita teku ta shekarar. Ya kawo shi gaɓa ya shimfiɗa a kan ciyawa. Tsawonsa ƙafa talatin da huɗu, ninke shi aikin mutum biyu ne, ɗaya a kowane gefe. Ya ninka nan, ya ɗora dutse, ya taka zuwa can, iska ta kwance na farkon. Sau biyar yana yi. A na shida ya tattara zanen a ƙirjinsa yadda ya zo, ya cusa a buhu, ya danna da gwiwa har ya shige.