Agogon da Na Mayar Adarawo

Shin Malam ya san agogon nan na sata ne tun ranar da ya saya, ko sai daga baya zuciyarsa ta gaya masa? Na je na dawo, har yau ban sani ba. Ni ban yi karatu ba, 'yata ce take rubuta abin da nake faɗa. In ta ga ina kuka sai ta ajiye alƙalami ta jira.

Malam mijina ne, shekara arba'in muna tare. Masinja ne a ofis har ya yi ritaya, kuma duk rayuwarsa yana sha'awar agogon zinariya irin na manyan da yake kai wa takarda. Bara ya sayi na hannu a tashar Jimeta, wajen wani baƙo mai sauri, da arahar da ta ba shi kunyar faɗa. Da za a raba gado na hana a sa agogon a ciki. Ba zan bari marayu su ci abin da za a tambayi ubansu a kabari ba.

Mun tashi da asuba daga Ngurore, ni da ƙanwar Malam, kwana uku da fitata takaba. Agogon yana ɗaure a bakin zanena. Motar ta cika da buhunan gyaɗa da mata masu ƙwaryar nono. Tun da aka koma tuƙin hannun dama ban hau mota ba, duk wadda ta taho sai in ga kanmu ta nufo. Yaron mota yana ta kiran naira da kwabo, ni kuwa sule na sani.

A Jimeta warin kifin Binuwai ne ya fara tarbarmu. Muka sha kunun gyaɗa, ruwa ya fi gyaɗar yawa. Aka nuna mana wani tsoho Babarbare mai gyaran agogo a gindin darbejiya. Ya maƙala gilashi a ido ɗaya, ya ɓalle murfin baya.

"Dada, wa ya sayar muku?"

"Mai sayen ya rasu, mai sayarwar ya yi gaba."

"Allah ya ji ƙansa. Da ya biyo ta nan kafin ya biya, da na hana shi."

Ya ce kowane mai gyara yana zana 'yar alamarsa da tsinin allura a cikin murfi, duk lokacin da agogo ya zo hannunsa. Tasa tana ciki sau biyu. Ya ce mai agogon wani tsohon malamin asibiti ne a unguwar Adarawo cikin Yola, ya zo nan yana cigiya kafin azumin bara.

Muka hau wata motar zuwa cikin Yola. Garin shiru, gidaje da yawa masu su sun bi aiki Maiduguri tun da aka yi jiha. Muka sami mutumin a zaure. Kafin in kwance bakin zanen na sa ya siffanta agogon, ya faɗi har tsagar da ke gefen gilashi. Ya ce ya cire shi ne zai yi alwala a tasha, da ya wanke ƙafa ya juyo babu.

"Goggo, mijinki ba shi ya ɗauka ba."

"Amma shi ya ɗaura, Modibbo. Ka yafe masa."

Ya yafe sau uku. Ya kara agogon a kunne, ya yi mamakin yana tafiya daidai.

Mun iso gida bayan la'asar. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne: mai sayen agogon hannu ya ce wa mai sayarwa su je wajen mai gyara tare, a buɗe baya. In ya ce sauri yake yi, a bar shi ya tafi.

Yanzu ɗakin ba ƙarar komai. Ranar da Malam zai cika, da hantsi, na ɗauka maganar yara zai yi mini. Sai ya zare agogon ya sa a tafina, ya ce, "Ki riƙa murɗa shi kowace safiya. Kada ya lalace a hannunmu, na mutane ne."