Sunan Ɗan Fari

Ran Talata ne, gero ya nuna, ana cikin yanka. Na tashi da wuri kamar kullum, na hura wuta, na aza ɗumamen tuwo. Ƙarfe shida da rabi na ji mashin ya tsaya a ƙofar gida. Ɗan farina ke nan. Shekararsa ashirin da shida, matarsa Rahila na da ciki wata bakwai, amma duk safiya sai ya biyo ya gaishe ni kafin ya fita kabu-kabu hanyar Bugaje zuwa Jibiya. Tun rasuwar ubansa bai fasa ba. Ya durƙusa bakin madafa ya ce, "Inna, ina kwana." Na amsa idona na kan tukunya. Na tura masa kwano da gefen hannu, kamar ba da shi nake ba.

Mu Kiristocin Gidan Jatau ne. Kakanninmu suka karɓi bishara, amma alkunyar ɗan fari ba mu ajiye ta a ƙofar coci ba. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayana ba, ni ma haka na bi. Tun ranar suna ban taɓa furta sunan ɗana ba. In zan aike shi, "kai" nake cewa. In ina zancensa da mutane, "wancan" ne. Fasto ya sha yi mana tsiya a zumuntar mata, ƙungiyarmu ta matan coci, wai Ubangiji da kansa da suna yake kiran nasa, mu su wane ne? Sai mu rufe fuska da gefen zane mu yi dariya, mu koma gida mu ci gaba da abinmu.

Son da ba a faɗa da baki, hannu ke faɗinsa. Da ya sayi mashin, na yanka tsohon zanena na zumunta, shuɗi mai zanen fararen kurciyoyi, na ɗinka wa kujerar riga. Na ba Rahila na ce ta ce ita ta yi. Ya san ɗinkina sarai. Bai tanka ba, ni ma ban tanka ba.

Ƙararrawar cocinmu tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota ne, rataye a reshen maina, wato dogon yaro. Tun da 'yan bindiga suka fara taɓa ƙauyukan gefenmu, dattawanmu da na Musulmin unguwar gabas suka yi shawara. Bugu ɗai-ɗai kiran sujada ne. Bugu ba tsayawa, kowa ya yi ta kansa. Wanda ya fara ganinsu shi zai buga.

Ƙarfe goma da 'yan mintuna ina gonar da ke gefen coci, maza na yanka, mu mata muna tara zangarniya. Rahila na zaune a inuwa tana ɗaurin dami, don na hana ta sunkuyo. Sai muka ji wani ƙugi daga yamma, kamar an ta da injin niƙa da yawa lokaci guda. Kowa ya miƙe ya saurara. Kafin mu ce wani abu, mashin guda ya faso ta hanyar rafi a guje. Na gane shuɗin kujerar tun daga nesa.

Daga baya aka faɗa mini ya hango su ne a mashigin rafi. Hanyar Jibiya na buɗe a gabansa. Ya juyo gida.

Ya yar da mashin a gindin maina bai ko kashe shi ba. Ya ɗauki sandar ƙarfe ya fara bugu. Gari ya hargitse. Mata na ɗibar 'ya'ya, awaki na tsinke igiya, ta ko'ina sai "Kai, gudu!" da "Kai, nan, nan!" Harbin farko ya tashi daga unguwar gabas, ashe wasunsu sun riga sun zagaya ta can.

Ina bayan darnin kara, tsakanina da shi bai wuce taku arba'in ba. Fuskarsa na yamma, inda ƙugin ke tahowa. Bai san biyu daga cikinsu sun sauka sun zagayo da ƙafa ta cikin dawa ba. Ni na gan su. Sun naɗe fuska da baƙin rawani, ido kawai ake gani. Suna tafe a bayansa a hankali, ba sa ko sauri.

Na ɗaga murya iya ƙarfina. "Kai! Kai! Bayanka!"

Duk garin "kai" ake kira. Bai waiwayo ba. Sunan ya taho har kan harshena, Allah ne shaidata, na ji shi a bakina. Harshen da bai taɓa ɗaukarsa ba ya sarƙe. Na sake cewa "kai". Lokacin da na ɓata bai fi na jan numfashi biyu ba.

Harbi ɗaya. Ƙarfen ya ci gaba da amo shi kaɗai, yana raguwa, har ya yi shiru.

Ban je wurinsa ba. Wannan ma sai in faɗa, don kada wani ya ɗauke ni jaruma. Na juya na cafki hannun Rahila, wadda darni ya tare mata gani, na ce, "Tashi." Muka faɗa cikin dawa. Ganye na yankar fuska, takalmina ɗaya ya tsaya a laka, na yar da ɗayan. A bayanmu ana ta ihu, "Ku fito da shanu!" Hayaƙin rumbuna ya biyo mu har cikin gona.

Tsakar rana muka isa korama. Ruwa ya kai ƙugu. Na sa Rahila ta riƙe kafaɗata, muka haye da ƙyar. A hayi muka tarar da wasu mutanen garinmu, Kirista da Musulmi, wajen ashirin, kwance a ƙarƙashin geza. Wata mata ta toshe bakin jaririnta da nono. Rahila na ta duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ai yana kan mashin, ya riga mu fita. Na bar ta da wannan.

Ƙarfe biyu muka ci gaba, muna bin gefen gonaki, ba mu yarda mun hau hanya ba. Ƙafafun Rahila sun kumbura. Duk bayan 'yan taku sai ta tsuguna ta riƙe mara. Ina jin bakinta na motsi da addu'a. Ni nawa a rufe yake.

Bayan la'asar muka fito kwalta. Motoci uku suka wuce mu. Ta huɗu kamyo ce, babbar motar kaya, ta wani direba mutumin Maraɗi, ya sauke wake zai koma. Ya taka birki ya leƙo, ya dubi ƙafafunmu. Bai tambayi ko su wane ne mu ba. Ya ce, "Ku hau, ku hau maza." Ya ɗora Rahila gaba kusa da shi, ya miƙo mana jarkar ruwa. Rana ba ta faɗi ba muka shiga Magama.

A tashar Magama, inda manyan motoci ke layin tsallaka iyaka, akwai wata mai tuwo, Hajiya Indo. Ita ta buɗe mana zaurenta, ta ba mu tabarma da zannuwa. Da safe na zaunar da Rahila na faɗa mata mijinta ya mutu a gindin maina. Ban faɗa mata abin da na kasa yi ba. A rana ta uku maza suka koma da rakiya suka yi jana'iza. Mu mata ba a bar mu mun je ba.

Daga nan na shiga faɗa da Allah, kuma ban ɓoye masa ba. Shekara talatin ina share cocinsa, ina kaɗa tulu in ana waƙa a zumunta, ban taɓa cin haƙƙin kowa ba. Yaron da ya juyo don ya ceci mutane shi aka bari ya faɗi, masu rawani kuma suna can suna cin naman shanunmu. Ina shari'ar? Addu'ata ta koma guda ɗaya: ka sa wanda ya harbe shi a hannuna. Ran Lahadi muna taruwa a wani ɗakin aro a Jibiya. In aka zo addu'ar da Yesu ya koyar, aka kai wurin yafe wa waɗanda suka cuce mu, sai in datse baki har a wuce.

Fushin da nake yi da kaina ya fi wannan. Na samu Fasto na zayyana masa komai. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce da ƙarar ƙarfen nan a kunnensa, ko na kira ba lallai ya ji ba. Na gode masa, amma ban karɓa ba. Mutum na jin sunansa ko a tsakiyar kasuwa.

Mako na bakwai, ran Alhamis, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ina wanke wa Hajiya kwanuka sai hayaniya ta tashi a bakin tasha. 'Yan sa-kai sun kama wani zai tsallaka da mashin ta ɓarauniyar hanya. Na fito hannuna da kumfa. Mashin ɗin na jingine da bango, an cire lamba, an sake fenti. Rigar kujerar ce ba su damu su cire ba. Ta yi dauɗa, ta yage a gefe, amma ga kurciyoyin, ga ɗinkina.

Ban san lokacin da na ratsa taron na aza hannu a kai ba. Na ce, "Wannan na ɗana ne."

Mutumin na ƙasa an ɗaure shi ta baya. Zai yi shekara talatin, ramamme, baki duk jini. Yana ta rantsuwa cewa sayensa ya yi a wata kasuwar daji. An riga an gangaro da tsohuwar taya, wani na riƙe da kwalbar fetur. Babban 'yan sa-kai ya ɗago haɓar mutumin da bakin bindiga ya juyo da fuskarsa wurina.

"Inna, dube shi da kyau. Shi ne? Ki ce shi ne, mu gama."

Mako bakwai ina roƙon wannan sa'a, ga ta an miƙo mini. Ba zan yi ƙarya ba, na so in ce shi ne. Na dubi idonsa, na dubi hannuwansa, na dubi tsayinsa. Na nemi masu rawanin nan a cikinsa har na gaji. Ido kawai na gani ran nan, daga taku arba'in, ta tsakanin kara. Ban sani ba.

Sau ɗaya na riƙe abin da na sani a baki, mutum ya mutu. Yanzu in na saki abin da ban sani ba, wani zai ƙone. Allah yana gindin maina ran nan, ya ga fuskar da ke cikin rawani. Ba ya bukatar in taya shi shari'a da ƙarya.

Na ce, "Mashin na ɗana ne. Mutumin ban san shi ba."

Aka yi ta gunaguni. Wata mata ta ce mini ashe ba ni na haifi yaron ba. Na haɗiye. Hajiya Indo ta zo ta tsaya kusa da ni da ludayinta a hannu. Ana cikin haka jami'an tsaro suka iso suka jefa mutumin a mota. Har yau ban san ko shi ne ba, ban kuma san yadda ta ƙare da shi ba.

Ɗaya daga cikin jami'an ya tsaya da littafi da biro. Ya ce sai an rubuta kafin a ba mu mashin. "Sunan mai shi?"

Na waiga ko akwai ɗan garinmu da zai faɗa. Babu. Rahila na asibiti wurin awo. Direbobi ne da 'yan dako da masu talla, duk ni suke kallo.

Na ce, "Iliya."

"Ɗaga murya, Inna, ban ji ba."

"Iliya."

Ya rubuta ya wuce. Ni kuwa na zauna a ƙasa nan bakin tasha, na yi kukan da ban yi ba tun ran Talatar. Ina kuka ina ji kamar an kwance mini wani ɗauri a wuya. Lahadin da ta biyo, da aka kai wurin yafewa, na faɗa tare da jama'a. Haƙorana a cije suke, kuma ba zan ce zuciyata ta bi bakina ba. Har yanzu wata Lahadin ina iyawa, wata ba na iyawa. Na dai daina gaya wa Ubangiji yadda zai yi aikinsa.

Ba mu koma Gidan Jatau ba. Mutum tara aka binne ran nan, biyar namu a bayan coci, huɗu a maƙabartar unguwar gabas. Waɗanda suka ji ƙarfen suka tsira, ba wanda ya ƙirga su. Geron ya ruɓe a gona. Rumbuna biyu sun ƙone, da ɗakina, da tulun zumunta. Rahila ta haifi mace. Na cire rigar kujerar na wanke, a kanta yarinyar ke kwana.

Shekara ashirin da shida na yi da shi, tun yana goye har yana durƙusawa bakin madafata. Sau biyu na faɗi sunansa a duniya, duka ga baƙo mai biro.